Buhu Uku a Madadin Baban Nana

Da na zo Saint-Denis sunan jaririn Mariyama, babu wadda ta gaishe ni ba ta ƙara da "To, ya hanya? An ce ke kika tuƙa?" ba. Kun san ni, in mutane suka wuce uku bakina yakan mutu. Na ce wa kowa lafiya lau, na shige kicin ina wanke kofuna. A jirgin ƙasa na komawa na ga gara in rubuta sau ɗaya in tura muku, kowa ta karanta lokacin da ta samu sarari. Babu abin tsoro a ciki. Gajiya ce kawai, kuma har yanzu ban gama sauke ta ba.

Ga wadda ba ta sani ba, an karɓe ni in yi karatun dokta a wani labo, wato ɗakin bincike, a Lyon, kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, wurin aikin maigidana Baban Nana kuma suka yarda su mai da shi reshensu na can. Gida ne ya tsaya mana. Wata bakwai muna aika dosiye, takardun neman haya, ana yi mana shiru. Daga ƙarshe wata ajans ta dillalan gidaje ta ba mu ɗaki biyu da falo a hawa na uku, da sunana, don takardata ce suka fi amincewa da ita. Matar da ke kula da gidan, Madam Kolet, ta sa mini ranar karɓar makulli: Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma, ni da kaina. Ta rubuto cewa in na rasa sai Talata, domin tafiya za ta yi. Mu kuma safiyar wannan Juma'ar za mu miƙa makullin tsohon gida, motar haya kuma ranar Asabar za a mai da ita. In muka rasa ƙarfe huɗu, kwana huɗu ke nan ba gida ba mota, da yarinya 'yar shekara uku da kayan gida gaba ɗaya. A Damagaram mai gida sai ya bar makulli wurin mai shagon ƙofar gida, ka zo sa'ad da Allah ya kawo ka. Nan makulli awa gare shi.

Ranar da muka je ganin motar, babbar kamiyonet fara mai kujera uku a gaba, mai ba da hayar ya faɗi wata magana yana cika takarda, bai ko ɗago kai ba. Ya ce mota da kaya da mutane kada su wuce tan uku da rabi, abin da za mu iya lodawa kilo ɗari tara da hamsin ne, har da mu. Baban Nana yana can yana gwada madubi. Ni na rubuta a littafina. Da mutumin ya tambaya ko za a sa direba na biyu, na ce a sa sunana, don kawai ba na son in ga gurbi a takarda ba a cika ba. Na yi permi, lasisin tuƙi, shekara biyu da suka wuce, na tuƙa sau uku, na ajiye.

Sati biyu na yi ina auna kwali. Na ɗauko ma'aunin da muke auna jiki, in hau ni kaɗai, in sake hawa da kwali a hannu, in cire. Littattafaina kaɗai kwali goma sha huɗu ne. Firigo, wato firij, da injin wanki na duba nauyinsu a takardunsu. Da na haɗa komai, da mu ukun, ya rage mana kilo ashirin da uku. Na ji daɗi sosai a ranar. Baban Nana ya ce in an bar ni har iskar tayoyi sai na auna.

Safiyar Juma'a abokansa biyu suka taimaka muka gama lodi ƙarfe takwas. Maƙwabtanmu na shekara huɗu suna wucewa zuwa metiro suna ɗan gyaɗa kai, babu wanda ya tambayi ina za mu. Namu kuwa sai ga su. Tanti Hajiya ta taso daga La Courneuve da kula cike da dambun zogale, da kilishi, da bidon bisap, jarka guda ta zoɓo mai sanyi. Ana cikin addu'a sai ga mota ta tsaya a bayanmu, bayanta ya kusa taɓa ƙasa, wata kuma na biye da ita. Baba Alhaji ne daga Montreuil.

Baba Alhaji ƙanen mahaifin Baban Nana ne. Shi ya tarbe shi da ya zo ƙasar nan, shi ya karɓa masa aurena. Shekara biyar da aurenmu, ban taɓa yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon idonsa ba. Haka na ga uwata tana yi da surukanta, ban kuma taɓa jin abin ya yi mini nauyi ba. Na durƙusa na ce ina kwana. Ya ce, "Amarya, an tashi lafiya?" Har yau amarya yake ce mini.

Ya zagaya bayan motar ya leƙa, ya kira Baban Nana da sunansa.

"Sanusi, akwai wuri?"

"Akwai, Baba."

Wuri kam akwai. Kayanmu masu nauyi ne, ba masu girma ba, ko rabin tsayin motar ba su kai ba. Ashe tun ranar da aka ji za mu Lyon da babbar mota, labari ya zagaye gidan ma'aikata na Montreuil, duk mai ɗan'uwa a can ya kai saƙonsa ɗakin Baba Alhaji. Aka fara fitowa da su. Buhun shinkafa shida, na kilo ashirin da biyar biyar, don wani biki. Keken ɗinki biyu irin na masana'anta, da teburansu na ƙarfe, na wani tela a unguwar Guillotière ta Lyon. Kafet biyu a naɗe na wani ƙaramin masallaci. Bido biyu na mai. Sai ƙananan ƙulle-ƙulle, kowanne da suna da lambar waya a jiki. Baba Alhaji da kansa ya hau ya janye kwalayena, ya tura buhu uku can ciki don kaya su zauna daidai.

Ina tsaye da Nana a hannu ina lissafi a zuci. A buhu na farko muka wuce iyaka. Na zagaya gefen mota na jawo rigar Baban Nana.

"Mun wuce."

"Mun wuce ina? Dubi sama, mutum zai tsaya a miƙe."

"Ba wuri ba, nauyi."

Ya dube ni, ya dubi Baba Alhaji yana share zufa da hularsa. Ya ce a hankali, "To je ki gaya masa."

Ya san ba zan iya ba, na san shi ma ba zai iya ba. Dattijo ya taso tun asuba da amanar mutane, ga jama'a tsaye. Na koma inda nake. A gida haka ake loda mota, da ido: in ƙofa ta rufu kaya sun shiga, in ba ta rufu ba a kawo igiya. Wannan ƙofar ta rufu ba tare da wahala ba, kowa ya ce ma sha Allah.

Ƙarfe tara da rabi muka tashi, awa ɗaya bayan lokacin da na rubuta. Hanyar da ta kewaye Paris ta ci mana wata rabin awa. Nana tana tsakaninmu a kujerarta, kuma da yake ta ga ana ta addu'a ana rungume ta, ta ɗauka gida za mu. "Za mu ga Kaka?" Na ce a'a, Lyon za mu. Bayan minti goma ta sake tambaya. Da muka hau otorut, babbar hanya, motar ta fara nuna halinta, in an taka ta sai ta yi tunani kafin ta amsa, a ɗan hawa kuma manyan kamiyo na kaya suna wuce mu. Baban Nana ya ce haka motocin haya suke.

Mun tsaya sau ɗaya don Nana. In kun tuna bas ɗin Damagaram zuwa Yamai, kafin mota ta gama tsayawa a Birnin Konni an miƙo miki tsire da dafaffen ƙwai da albasa ta taga, wani yana tambayar ki daga ina. Nan fili ne mai faɗi, da ciyawa, da injin da ke ba da kofi, kowane iyali sun zauna nesa da na kusa da su suna cin burodi shiru. Na ce a raina wannan wurin irina ne. Muka ci kilishi a tsaye muka wuce.

Bayan garin Auxerre kaɗan wani jandarma a kan babur ya zo daidai tagarmu, ya dubi tayoyin baya, ya yi mana alama mu bi shi. Ya kai mu wani wurin hutawa inda suka shimfiɗa farantan ƙarfe na auna mota a ƙasa, motoci irin tamu uku suna jira. Sha biyu saura kwata. Baban Nana ya ce, "Takardunmu a cike suke." Na ce ba takardu za su duba ba.

Mace ce ta auna mu, doguwa, ba ta da fara'a ba ta kuma da faɗa. Ta juyo da allon ta nuna mana: dubu uku da ɗari tara da hamsin. Ta ce za mu biya tarar kuɗi, kuma motar ba za ta motsa daga nan ba sai an sauke kilo ɗari huɗu da hamsin, kayan da aka sauke kuma ba a barin su ba mai tsaro.

Baban Nana ya fara irin roƙon da ake yi a shingen gida. Ya ce ƙaura muke, ga yarinya, ga zafi, a yi haƙuri, ba mu sani ba. Tana saurare tana rubutu. Da ya ce ba mu sani ba karo na biyu, na ji ba zan iya tsayawa ina ji ba. Na buɗe littafina na miƙa mata. Ta bi layukan da yatsa, kwali ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa inda na ƙara saƙonnin da fensir a cikin mota. Lissafina da na farantan kilo goma ne tsakaninsu.

"Madam, ke kika rubuta wannan?"

"E."

"Kin san kun wuce, ke nan."

"Na sani."

"To me ya sa kuka taso?"

Na nemi yadda zan faɗa mata da Faransanci cewa ƙanen surukina ne, kuma ba a yi. Na rasa. Na ce, "Kayan mutane ne." Ta mai do mini da littafin.

Muka koma inuwar mota. Saura kilomita kusan ɗari uku. Na ce a sauke saƙonnin, Baban Nana ya ce amana ce, ba a yar da ita a bakin hanya. Na ce to a sauke littattafaina, ya ce su ma wa zai tsare su. Duk inda muka juya sai an kira Baba Alhaji, don shi ya san mutane a kowane gari. Ya kira.

"Salamu alaikum, Baba. Ina wuni. Ina gajiya. Lafiya lau muke. E, muna hanya. Mota lafiya. Kun koma lafiya? Ya su Malam Bukar? Madalla. Dama, mun ɗan tsaya ne."

Ina kallon agogon waya a kunnensa. Minti uku, bai iso ga maganar ba, kuma na ga alamar zai yi sallama. Na miƙa hannu. Ya ɗauka ruwa nake nema. Na karɓe wayar.

"Baba, ni ce."

"Wa ke nan?" Bai san muryata a waya ba.

"Maman Nana."

"Amarya? Lafiya?"

Na rufe ido na faɗa kamar ina karanta darasi. Abin da motar ke iya ɗauka, abin da muka loda, abin da saƙonni suka ƙara, inda muke, da ƙarfe huɗu. Lambobin ba su ɓace mini ba. Da na gama sai ya tambaye ni.

"Tun da safe kin san haka?"

"E, Baba."

"Kika yi shiru."

"E."

"Shekara talatin ina ɗaukar kaya a kasuwa, 'yata. Sikeli ba baƙona ba ne. Da kin ce kilo kaza ne, da na ji. Na ga bakinki yana motsi, na ce yarinyar nan addu'ar tafiya take yi mana." Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta jin daɗi ba. "Iyayenki sun yi miki tarbiyya. Sai dai jandarma bai san da ita ba. Ba ni minti biyar."

Kafin minti biyar ya kira, a wayar Baban Nana, amma ya ce a ba ni. Akwai wani Malam Ilyasu, mutumin Tawa, yana aiki a wata mahauta a yankin, yana da mota da tirela. Zai zo ya kwashe kayan, sai dai ba zai tashi aiki ba sai biyar. Dole wani ya zauna da kayan, dole kuma ni in kasance a Lyon.

Jandarmar ce ta kawo mafita, da ta zo karɓar sa hannu. Ta nuna takardar haya ta ce, "Ai direba biyu aka rubuta."

Baban Nana ya ce, "Ba ta taɓa tuƙa babbar mota ba."

Gaskiya ya faɗa. Amma na riga na buɗe baki sau ɗaya a ranar, kuma kaina ya ci gaba da lissafi ko ban so ba. Na ce masa, "Kai kilo tamanin da biyar ne. In ka tsaya, buhu ukun da ke can ciki ba sai an tono su ba. Rabin awa ke nan muka tsira."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. "Ashe buhu uku ne kimata."

"Da ɗan ƙari."

Muka sauke kekunan ɗinki da taimakon wani mai ƙaura irinmu, shi ma an tsare shi da tulin tayil. Ba mu tambayi sunan juna ba. Kafin in hau na kira Madam Kolet. Sai da na rubuta jimlar a littafi na karanta mata, don waya da Bature tana firgita ni fiye da jarrabawa. Ta ja numfashi ta ce, "Biyar. Biyar da minti ɗaya ina hanyar tasha, jirgi gare ni." Aka sake auna mu, da ni da Nana da buhu uku, muka fita da rarar kilo kaɗan. Ƙarfe ɗaya da minti goma.

Sau biyu motar ta mutu mini a gaban jandarmomi. A na uku ta tashi da tsalle. A madubin gefe na ga Baban Nana tsaye a ciyawa tsakanin keken ɗinki biyu, ya ɗaga hannu ɗaya, bai san ko ya yi bankwana ko ya ce in tsaya ba.

Ba zan iya ba ku labarin ƙasar da muka ratsa ba. An ce gonakin inabi ne, masu kyau. Ni farin layin dama na gani, awa uku da wani abu. Babu madubin tsakiya a irin wannan motar, abin da ke bayanki sai dai ki ji shi. Na tsaya a tamanin da biyar. Duk kamiyon da ya wuce sai iskarsa ta ture mu ta jawo mu, ni kuma in ƙara damƙe sitiyari. Na karanta duk addu'ar da na sani, da suka ƙare na koma karanta jadawalin sinadarai da na haddace a makaranta.

"Maman, me ya sa muka bar Papa?"

"Gadi yake yi."

"Ya yi laifi ne?"

"Mu duka muka yi."

Ta yi tunani ta ce ita ba ta yi ba. Na ce gaskiya ne.

Wajen Mâcon ta ce fitsari. Na ce ta riƙe, ta ce ya riga ya fara. Na shiga wurin hutawa na wuce duk inda ƙananan motoci ke ajiyewa, na je layin manyan kamiyo, don a nan ne kawai ba sai na yi baya ba. Na canza mata wando a kan matakalar mota, wani direba yana cin abinci a tagarsa yana kallonmu. Na sha bisap ɗin Tanti, ya yi ɗumi. Minti goma sha biyu suka tafi.

A littafina na rubuta cewa kafin Lyon hanya za ta rabu, in bi wadda ke zagaye gari ta gabas. Na ga allon, na san shi ne. Amma sai na canza layi, ga motoci a jere ba su bar tsakani ba, ni kuma ban iya kutsawa ba, a hanya ko a magana. Na sa sigina na jira wani ya ba ni wuri. Babu wanda ya ba ni. Mararrabar ta wuce, hanya ta kai ni cikin gari, cikin ramin da ke ƙarƙashin dutsen Fourvière, ranar Juma'a da yamma. Biyar saura ashirin da biyar muna cikin ramin, ana tafiya taku ɗaya a tsaya. Nana ta yi barci da kilishi a hannu. Na yi kuka kaɗan, ba mai sauti ba, don ba ni da hannun share hawaye.

Biyar da minti huɗu na shiga layin gidan. Ɗan siririn titi ne, motoci a ajiye dama da hagu. Ban taɓa ganin Madam Kolet ba, amma ga wata mata ta baro ƙofar lamba goma sha bakwai tana jan ƙaramar akwati, ta ba ni baya, tana sauri. Tun da na yi permi ban taɓa danna oda ba. Na danna da tafin hannu gaba ɗaya, na sauke gilashi na kira sunanta da muryar da ban san ina da ita ba. Har masu shan kofi a bakin titi suka juyo.

Ta tsaya. Ta dubi motar, ta dubi agogonta, ta dawo a hankali. Ta ga wadda ta sauko, da mayafi ya zame gefe ɗaya, da yarinya a kafaɗa.

"Ke kaɗai ce? Ina maigidan?"

"Yana bayan Auxerre."

Ba ta nemi bayani ba. Ta ce, "Minti goma. Bar motar a nan, kunna fitilu."

Na shirya jerin abubuwa arba'in da biyu da zan duba a gidan kafin in sa hannu, tun daga famfo har ƙasan tagogi. Yana cikin jakata, ban ciro shi ba. Tana gaba tana faɗi, bango lafiya, ƙasa lafiya, ina biye ina cewa e. Na sa hannu a shafuka tara ban karanta ko ɗaya ba. Da ta miƙo makullan, guda uku a zare ɗaya, yatsuna suka ƙi rufuwa, sun sandare a yadda suka riƙe sitiyari. Makullan suka faɗi ƙasa. Ita ta sunkuya ta ɗauka, ta sa mini a aljihun riga, ta ce in sha ruwa, ta sauka da gudu da akwatinta.

Sauran kun ji shi a bakin Baban Nana, ya fi ni iya ba da shi: yadda ya yi sallar azahar da la'asar a kan kafet ɗin masallaci a bakin otorut, yadda wasu tsofaffi biyu suka tsaya suka tambaye shi ko keken ɗinkin na sayarwa ne, yadda Malam Ilyasu ya ƙi barin shi ya wuce sai da ya kwana gidansa ya ci tuwo. Ranar Asabar da hantsi suka iso. Mu kuwa tabarma da kular Tanti kaɗai na iya hawowa da su, muka ci dambu da hannu a tsakiyar falo, muka kwanta a nan. Raba saƙonni ya ci mana Asabar da Lahadi biyu. Daga baya na gano tsaga a kwamin wanke hannu, ba a rubuta ta ba, yanzu tawa ce.

Amma in kuka ce ya hanya, abin da ke zuwa mini shi ne mintin da Madam Kolet ta fita. Na rufe ƙofa, na gwada makullin sau biyu da hannu biyu, ya yi. Na zauna a ƙasa na jingina da bango. Nana ta farka tana gudu daga ɗaki zuwa ɗaki tana kiran sunanta don ta ji gidan yana amsawa. Na ce alhamdu lillahi, mun iso. Sai na ji oda daga ƙasa, ɗaya, biyu, sannan da yawa. Na rarrafa zuwa taga. Ga motar a tsakiyar titi tana ƙyafta fitilu, motoci sun yi layi a bayanta har kwana, wani ya fito ya riƙe ƙugu yana duban benaye. A can gaba akwai gurbi ɗaya tsakanin motoci biyu, wanda ba a shigarsa sai da baya.

Na nemo takalmina, na ce, "Nana, zo mu sauka."